Lucy Hobbs Taylor: Macen da ta fara samun digirin likitan haƙori

An haifi Lucy Hobbs a jihar New York ta Amurka a 1833. Bayan shekara goma tana koyarwa, ta nemi gurbi a kwalejin likitanci da ke Cincinnati, aka hana ta don kawai ita mace ce. Kwalejin likitancin haƙori ta Ohio ma ta ƙi karɓarta a 1861.

Sai ta koyi aikin a hannun wani likita, ta riƙa duba marasa lafiya a jihar Iowa ba tare da takardar shaida ba. Ƙwarewarta ta sa likitocin haƙorin jihar suka shigar da ita ƙungiyarsu a 1865, kuma kwalejin da ta ƙi ta a baya ita ce ta miƙa mata digiri a 1866.

Ita ta koya wa mijinta, James Taylor, sana'ar. Ta rasu a jihar Kansas a 1910.