Alhassan Ɗantata: Maraya, Kama, Sannan Dalar Gyaɗa

Ɗan'uwana matashi, ko kana Fakku ne, ko Kebbe, ko Tambuwal, na san ka sha jin sunan Ɗantata. Amma ka san daga ina mutumin ya taso?

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, mutanen da suka shahara da fataucin goro. Yana ƙarami mahaifinsa, Madugu Abdullahi, ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta koma Akara. Wata baiwa mai suna Tata ce ta rene shi, daga nan sunan ya samo asali. Ka ga ke nan, sunan da ya cika ƙasa sunan baiwa ne.

A lokacin, masana'antun Turai suna ta bunƙasa, ma'aikatansu na fafutukar rage awannin aiki. A nan kuwa, gonaki da ayarin fatake sun dogara sosai da gumin bayi. An ruwaito cewa a Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893, shi kansa Alhassan an kama shi, sai da aka fanshe shi.

Bai zauna ba. Ya shiga fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gwanja, irin fataucin da ya raya kasuwanni kamar Jega da ke kusa da mu. Sai ya lura jirgin ruwa ya fi jaki sauri, ya riƙa dakon goro ta teku zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buƙaci gyaɗa don yin sabulu da man girki. A 1918 ya zama wakilin kamfanin Neja wajen sayen gyaɗa. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, ya kai kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne.

To, amma kar ka tsaya kan raƙuman kawai. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa daga wannan shekarar, amma ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Kowane buhu a dalar gyaɗa, manomi ne ya noma shi, lebura ya ɗora shi a ka, Bature kuma ya yanke farashi. Su waɗannan ba wanda ya rubuta sunansu.

Don haka ka ɗauki abu biyu. Ka buɗe ido ka gane sabuwar hanya kafin kowa, kamar yadda ya yi. In kuma Allah Ya buɗa maka, ka biya mai yi maka noma ko dako haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe.