William Beveridge: Baturen da ya so talaka ya karɓi tallafi ba tare da sunkuyar da kai ba

Jama'a, duk sanda aka tayar da maganar fansho, ko inshorar lafiya, ko kuɗin tallafin da gwamnati ke ba marasa ƙarfi, akwai sunan da nake ganin ya kamata mu sani: William Beveridge, Baturen Ingila. Na ɗauko tarihinsa ne saboda tambaya guda da ya ƙarar da rayuwarsa a kanta. Idan mutum ya tsufa, ko ciwo ya kwantar da shi, ko aiki ya kuɓuce masa, abin da hukuma za ta ba shi alfarma ce, ko kuwa haƙƙinsa ne?

An haife shi ranar 5 ga Maris 1879 a Rangpur, cikin Bangaladash ta yau, lokacin Indiya tana hannun Turawan Ingila. Mahaifinsa alƙali ne na gwamnatin mulkin mallaka. Mahaifiyarsa Annette kuwa ita ce ta fassara littafin tarihin Sarki Babur, wanda ya kafa daular Mughal, zuwa Ingilishi. Bayan ya gama karatu a Oxford an yi zaton lauya zai zama, sai ya juya wa aikin baya. A 1903 ya tare a Toynbee Hall, wani gida a unguwar talakawa ta gabashin Landan inda 'yan jami'a kan zauna cikin matalauta suna yi musu hidima.

A wannan yankin, 'yan dakon tashar jiragen ruwa kan yi cincirindo a bakin ƙofa kowace safiya, a ɗauki wasu aikin wuni ko rabin wuni, sauran su koma gida hannu rabbana. Wanda yunwa ta ci ƙarfinsa kuma, dokar matalauta ta 1834 ta tanadar masa gidan aikin tilas, inda ake raba miji da mata da 'ya'ya. Da gangan fa aka tsananta zaman gidan, don kada kowa ya yi sha'awar neman taimako. Beveridge ya duba ya ga yawancin mutanen nan ba ragwaye ba ne, yadda ake ɗaukar aikin ne ya lalace. Wannan hujjar ya kafa a littafinsa na 1909 kan rashin aikin yi.

Tun 1907 ya je Jamus ya ga inshorar ma'aikata da Bismarck ya kafa: ta ciwo a 1883, ta haɗarin wurin aiki a 1884, ta tsufa a 1889. A 1908 ya shiga ma'aikatar ciniki ƙarƙashin Winston Churchill, ya tsara ofisoshin da ke haɗa mai neman aiki da mai neman ma'aikaci, ya kuma sa hannu a dokar 1911 da ta ba ma'aikata sama da miliyan biyu inshorar rashin aiki. Daga 1919 zuwa 1937 shi ne shugaban makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan.

To, mutumin yana da wuyar sha'ani, ga ji da kai. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ministan ƙwadago Ernest Bevin ya gaji da shi, sai a 1941 aka tura shi shugabancin wani kwamiti na duba tsare-tsaren inshora. Kamar dai an ajiye shi gefe ne, shi ma haka ya ɗauka. Amma sai ya faɗaɗa aikin har gwamnati ta tsorata, ta mayar da sauran 'yan kwamitin masu ba da shawara kawai. Da rahoton ya fito a Disamba 1942, sa hannunsa kaɗai ke kai.

Ya lissafa dodanni biyar da ya ce sai an kayar: talauci, cuta, jahilci, ƙazamin muhalli da zaman banza. Maganin na farkon shi ne kowa ya zuba kuɗi daidai wa daida duk mako, mai ɗaukar aiki ya ƙara, gwamnati ta ƙara. Ka ga ya yi kama da adashi, sai dai a nan ba bi da bi ake kwasa ba, wanda larura ta faɗa wa shi ke ɗauka. Kuma tunda ya zuba, ba mai zuwa gidansa ya ƙirga masa kujeru da tukwane kafin a ba shi. A ganina nan ne zuciyar aikin nasa take. Ya kuma gindaya sharuɗɗa uku: a ba iyaye kuɗin rainon yara, a yi wa kowa magani, gwamnati ta hana rashin aiki yin yawa.

Mutane suka yi layi suna sayen rahoton gwamnati kamar littafin labari, aka sayar da kwafi sama da 600,000. Gwamnatin Churchill ta yi ta jan ƙafa, a zaɓen 1945 kuwa jam'iyyar Leba ta Clement Attlee ta lashe. Abin mamaki, a zaɓen ne shi Beveridge ya rasa kujerarsa ta majalisa, wadda ya samu a 1944 a jam'iyyar Liberal. Wasu suka aiwatar da tsarin. Ranar 5 ga Yuli 1948 asibitin kyauta da sabuwar inshora suka fara aiki, tsohuwar dokar matalauta ta zo ƙarshe.

Ba zan rufe aibinsa ba. Ya lissafa matar aure a matsayin mai dogaro da zubin mijinta, don haka idan auren ya mutu tana iya tashi a tutar babu. Kuɗin da aka yanka bai ishi tsofaffi da yawa ba, dole suka koma neman tallafin da sai an binciki abin hannunka, wato abin da ya so a rabu da shi. Yana kuma cikin ƙungiyar masu ra'ayin tace iri, har a ƙuruciyarsa ya ba da shawarar wanda ya kasa aiki a ciyar da shi amma a hana shi jefa ƙuri'a da haihuwa.

Sannan rahoton na mutanen Birtaniya ne kawai, bai ƙetare ruwa zuwa ƙasashen da take mulka ba. Sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, sun yi mata yaƙi har Bama. A shekarar da aka buɗe asibitin kyauta a Ingila, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka yi tattaki a Accra don kai koken haƙƙoƙinsu ga gwamna, aka buɗe musu wuta, mutum uku suka mutu.

Beveridge ya mutu a Oxford ranar 16 ga Maris 1963 yana da shekara 84. Tsarinsa ya zauna ne a ƙasar da yawancin mutane ke karɓar albashi kuma hukuma na da sunan kowa. A unguwanninmu kuwa, mahauci da tela da mai tuyar ƙosai ba su da takardar albashi. Shi ya sa nake cewa, inda duk aka buɗe rajistar fansho ko inshorar lafiya ga masu sana'ar kansu, mu shiga, mu zuba, mu adana rasit. Mai rasit a hannu ba roƙo ya zo yi ba.