Malam Aminu Kano: Malamin da ya fassara wa talaka siyasa

Ranar 17 ga watan Afrilun 1983 Allah Ya yi wa Malam Aminu Kano rasuwa a gidansa da ke unguwar Gwammaja a birnin Kano, yana da shekaru 62 da haihuwa.

Bai taɓa riƙe muƙamin shugaban ƙasa ko na gwamna ba, amma 'yan siyasa ƙalilan ne suka bar tasiri irin nasa a arewacin Najeriya. Babban aikinsa shi ne ɗauko ra'ayoyin 'yanci da daidaito, waɗanda a lokacin suke kulle cikin littattafan Turanci da Larabci, ya mayar da su cikin Hausar da manomi da ɗan kasuwa za su fahimta.

Tasowarsa

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga watan Agustan 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne kuma muhuti a kotun alƙali, daga zuriyar Fulani Genawa waɗanda suka shahara da ilmin shari'a.

Ya fara karatun allo a gida, sannan ya shiga makarantar elementare ta Shahuci da Midil ta Kano. A 1937 ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta zama Kwalejin Barewa, inda ya kammala a 1942.

Tun yana ɗalibi ya soma rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa, yana sukar zalunci da danniya cikin raha. A lokacin ne kuma ya rubuta wata ƙasida da Turanci mai kakkausan suka ga mulkin En'e ta Kano.

Bauchi da Landan

Aikin koyarwa ne ya kai shi Bauchi a 1942, inda ya haɗu da Malam Abubakar Tafawa Balewa da kuma Malam Sa'adu Zungur, mawaƙi kuma masani wanda ya yi tasiri ƙwarai a tunaninsa. Tare suka riƙa gudanar da zaman muhawara, inda ake tuhumar manufofin Turawan mulkin mallaka da na sarakuna a bainar jama'a, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani.

A 1946 ya tafi Jami'ar Landan domin ƙaro ilmin koyarwa. Ya tarar da jam'iyyar Leba tana mulki a Birtaniya, ya kuma yi cuɗanya da masu ra'ayin gurguzu da 'yan gwagwarmayar neman 'yanci daga ƙasashe daban-daban. Salon Mahatma Gandhi na Indiya, na yin adawa ba tare da ɗaukar makami ba, shi ma ya burge shi.

Bayan dawowarsa ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, aka kuma tura shi shugabancin makarantar horar da malamai ta Maru a lardin Sakkwato. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi siyasa gadan-gadan.

Neman sawaba

Ranar 8 ga watan Agustan 1950 wasu matasa takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Malam Aminu ya shige ta, kuma ya zama shugabanta a 1953.

Sanarwar manufofin jam'iyyar, wadda aka fi sani da Sanarwar Sawaba, ta bayyana cewa akwai saɓanin buƙatu tsakanin masu riƙe da mulkin En'e da talakawa. Wannan fahimta ta samo asali ne daga masu ra'ayin gurguzu, amma da Hausa aka isar da ita. Jama'a sun san NEPU da sunan Jam'iyyar Neman Sawaba, kuma kalmar talaka, wadda a da take nuna wanda aka haifa domin ya yi biyayya, ta koma sunan da mutum ke ɗauka da alfahari.

Saƙon ya sami karɓuwa a ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi yawa, gonaki kuma suka yi ƙanƙanta. Magidanci a irin waɗannan wurare yakan sayar da gyaɗarsa ko hatsinsa domin ya biya haraji ta hannun mai unguwa da dagaci, makiyayi kuma ya biya jangali, ga aikin tilas a kai a kai. Idan aka zalunce shi, kotun da zai kai ƙara tana ƙarƙashin hukumar da yake ƙara.

Siyasa da tafsiri

Abokan hamayyarsa sun zarge shi da kawo baƙin ra'ayi da raba talakawa da shugabanninsu. Malam Aminu ya mayar da martani ne da ilmin addini. Ya riƙa kafa hujja da Alƙur'ani da kuma rubuce-rubucen Shehu Usman Ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi, yana nuna cewa jihadin 1804 ya tashi ne domin kawar da haraji na zalunci da cin hanci a kotuna.

Tafsirin da yake yi da Hausa a watan azumi ya jawo jama'a masu yawa. Ya kuma rubuta littattafai da Hausa, ciki har da Motsi Ya Fi Zama da tarihin rayuwar Sa'adu Zungur.

Gwagwarmayar ta zo da tsada. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓe na hawa-hawa ya hana su kujeru. An ɗaure magoya bayanta da dama, an yi wa wasu bulala, wasu kuma suka yi gudun hijira. Hajiya Gambo Sawaba, jagorar matan jam'iyyar, ta sha ɗauri sau da yawa saboda neman a bai wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai a 1976.

Gwamnati da PRP

A 1959 aka zaɓe shi ɗan majalisar wakilai ta tarayya daga Kano ta Gabas. A mulkin Janar Yakubu Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974.

Da aka dawo siyasa a 1978 ya kafa jam'iyyar PRP. Ya zo na huɗu a zaɓen shugaban ƙasa na 1979 da ƙuri'u kimanin miliyan 1.7, amma jam'iyyarsa ta ci gwamna a jihohin Kano da Kaduna. Gwamna Abubakar Rimi da Gwamna Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, buƙatar da 'yan NEPU suka kwashe kusan shekaru 30 suna nema.

Sai dai jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan Taɓo da ke tare da Malam da 'yan Santsi da ke bayan gwamnonin biyu. Wasu almajiransa sun zarge shi da sassautawa ga gwamnatin NPN, kuma ba a ɗinke ɓarakar ba har ya rasu, watanni kaɗan kafin zaɓen 1983 wanda ya zaɓi mace, Bola Ogunbo, ta mara masa baya a takara.

An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda ya zama cibiyar Mambayya ta nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Filin jirgin sama na Kano da asibitin koyarwa na birnin suna ɗauke da sunansa, kuma 'yan siyasa masu gaba da juna kowanne na iƙirarin cewa shi ne magajinsa. Waɗanda suka zauna da shi kuwa sun fi tuna shi da farar riga da jar hula, da ɗan ƙaramin gidan da ya bari ba tare da wata dukiya ba.