Louis Braille: Makahon da Garinsu Bai Yasar Ba

An haifi Louis Braille a shekarar 1809 a ƙauyen Coupvray na ƙasar Faransa. Mahaifinsa baduku ne. Yana ɗan shekara 3 ya soke idonsa da basilla a rumfar uban, ciwon ya kama ɗaya idon, ya makance.

A wancan zamani, bara ce makomar yawancin makafi. Amma limamin cocin ƙauyen, Fada Jacques Palluy, ya jawo yaron yana koya masa, sa'an nan ya roƙi malamin makaranta ya zaunar da shi cikin masu ido. A 1819 aka samo masa gurbi a makarantar makafi ta birnin Paris.

Yana da shekara 15 ya ƙago rubutun ɗigo shida da ake karantawa da yatsa, aka buga shi a 1829. Ya zama malami, kuma mai kiɗan sujada a majami'u. Tarin fuka ya yi ajalinsa a 1852, kafin makarantarsa ta amince da rubutun a 1854.

'Yan'uwa mazauna birni, daga ƙauye aka fara buɗe masa ƙofa. Makafin yaran garinmu fa, wa zai kai su aji?