Rukeli, Ɗan Damben Da Aka Ƙwace Wa Kambi

Mu mutanen kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru zuwa Kafin Maiyaki da Tudun Wada, mun san dambe. In kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu, a kan share fili a kira makaɗa, wanda kuwa ya yi kisa kowa ya gani da idonsa. Labarin da za mu ba ku a wannan wata na wani ɗan dambe ne na ƙasar Jamus, wanda ya ci nasara a gaban taron jama'a, amma aka hana shi kambinsa saboda asalinsa, daga baya kuma aka kashe shi a zamanin da kakanninmu su ke kira Yaƙin Hitila.

Sunansa Johann Trollmann, watau Yohanna da bakinmu. An haife shi ran 27 ga Disamba 1907, ya girma a birnin Hannover cikin gidan talakawa mai 'ya'ya da yawa. Danginsa kuwa su kan kira shi Rukeli, daga kalmar da ke nufin itace a harshensu.

Kafin mu ci gaba, sai mu bayyana ko su wane ne danginsa. Ana ce da su Roma, reshensu na Jamus kuma Sinti. Kada mai karatu ya ɗauka su ne Romawan da Bulus ya rubuta wa wasiƙa, gama ba abin da ya haɗa su sai kamannin suna. Harshensu ya nuna asalinsu daga arewacin Indiya ne. Tun 1407 aka rubuta zuwansu garin Hildesheim, kusa da Hannover. Waɗansunsu maƙera ne, waɗansu dillalan dawaki, waɗansu makaɗa. Waɗansu su na yawo daga gari zuwa gari, da yawa kuwa sun zauna wuri ɗaya. Duk da shekaru ɗari biyar da su ka yi a ƙasar, ba a daina kallonsu kamar baƙi ba.

Rukeli ya fara dambe tun ya na yaro. Damben Turawa da hannu biyu a ke yinsa, cikin safar fata, a kan dakali da aka kewaye da igiya. Yawancin Jamusawa na lokacin su kan tsaya ƙyam su yi ta musayar naushi. Shi kuwa sauƙin ƙafa gare shi, ya kan goce, ya zaga, ya kawo bugu ta inda ba a zata ba. 'Yan kallo su ka ƙaunace shi ƙwarai, masu ƙyashi kuwa su ka ce wannan rawa ce.

A watan Janairu 1933 Hitila ya hau mulki, mutanensa 'yan Nazi su ka kama ragamar kome, har da ƙungiyar dambe. Ran 9 ga Yuni na shekarar Rukeli ya kara da Adolf Witt a Berlin domin kambin ƙasa na ajinsu. An yi turmi 12, kowa ya ga Rukeli ne ya fi. Amma alƙalan wasa, don tsoron shugaban ƙungiya, su ka ce ba wanda ya ci. Sai jama'a su ka tashi da ihu, su ka ƙi yin shiru, har tilas aka ba shi kambin. Ya tsaya a fili ya na hawaye don murna. Kafin kwana goma aka ƙwace kambin, aka kafa hujja da irin dambensa da kuma hawayen nan. A wannan karo ba taron da ya tashi.

Ran 21 ga Yuli aka haɗa shi da Gustav Eder, aka gargaɗe shi in ya yi gociyarsa ta kullum za a hana shi dambe. Masu ba da labari sun ce ya fito ya rina gashinsa fari-fari, ya bulbule jikinsa da garin alkama, domin ya yi ba'a ga farar fatar da 'yan Nazi ke fahariya da ita. Ya kafa ƙafafunsa wuri ɗaya kamar yadda aka umurce shi, ya yi ta shan bugu har ya faɗi a turmi na biyar. Daga ranar nan tauraronsa bai ƙara tashi ba.

Sa'an nan tsanani ya yi ta ƙaruwa a kan dukan Roma. Dokokin Nuremberg na 1935, waɗanda su ka hana aure tsakanin Yahudawa da sauran Jamusawa, aka sa su ka hau kan Roma kuma. Aka yi ta ƙirga su gida gida, ana rubuta asalinsu. Dubbai aka yi musu aikin hana haihuwa tilas, har da Rukeli. Matarsa Bajamushiya ce, su na da 'ya ɗaya. A 1938 ya rabu da ita domin kada masifarsa ta shafe su.

Da yaƙi ya ɓarke a 1939 aka ɗauke shi soja, aka ji masa rauni a bakin dāgar Rasha a 1941. A 1942 aka sallame shi saboda asalinsa, cikin watan Yuni kuma aka kama shi, aka kai shi sansanin gwale-gwale na Neuengamme kusa da Hamburg. Can masu gadi su ka gane shi. Bayan aikin yini da yunwa, su kan tilasta shi ya yi dambe da su da dare. Da 'yan'uwansa 'yan sarƙa su ka ga zai mutu, sai su ka yi dabara: aka rubuta ya rasu a Fabrairu 1943, aka ba shi sunan wani mamaci, aka tura shi wani sansani a Wittenberge. Amma can ma aka gane shi. A 1944 aka sa shi ya kara da Emil Cornelius, wani ɗan sarƙa da aka naɗa bisa sauran, Rukeli ya kā da shi. Mutumin nan ya riƙe abin a zuciya, daga baya ya same shi a wurin aiki ya buge shi har ya mutu. Shekarunsa 36.

Ba shi kaɗai ba ne. Ran 16 ga Disamba 1942 Himmler, shugaban dakarun SS, ya ba da umurni a kwashe Roma zuwa Auschwitz a ƙasar Poland. Wajen 23,000 aka kai can, yawancinsu kuwa ba su fito ba. Ƙanen Rukeli mai suna Heinrich a can ya mutu a 1943. Daren 2 ga Agusta 1944 aka kashe dubban da su ka rage, har da mata da yara da tsofaffi, da iska mai guba. Masana tarihi su na lissafin Roma da aka hallaka a dukan Turai tsakanin 250,000 da 500,000.

Bayan yaƙi aka daɗe ba a maganarsu. Sai a 1982 gwamnatin Jamus ta Yamma ta yarda cewa kisan ƙare dangi ne aka yi musu. A 2003, watau bayan shekara 70, ƙungiyar dambe ta Jamus ta mai da sunan Rukeli cikin jerin zakarunta, aka miƙa ɗamarar kambin ga danginsa. A 2012 aka buɗe wurin tunawa da Roma da Sinti a Berlin, ran 2 ga Agusta kuma ta zama ranar tunawa da su.

'Yan'uwa, mu lura da inda abin ya soma. Tun ba a gina ɗakunan guba ba, alƙalai sun ga gaskiya sun ƙi faɗarta, jama'a kuma sun yi magana sau ɗaya sa'an nan su ka gaji. A ƙasarmu ma akwai waɗanda a ke rena su saboda sana'arsu, ko yawon kiwo, ko addinin kakanninsu, waɗansunmu kuwa sun ɗanɗana renin nan da kansu. In aka danne hakkin irin waɗannan a kasuwa, ko a gona, ko a gaban shari'a, mu shaida abin da mu ka gani, mu kuma sāke shaidawa gobe. Allah ya ba mu ƙarfin zuciya.