Tafawa Ɓalewa: Shekarun da ya yi a Midil ta Bauchi kafin ya mulki Najeriya

Yawancin ’yan Najeriya sun san Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ne a matsayin Firaministan ƙasar na farko, wanda hotonsa ke jikin takardar Naira biyar. Amma kafin a san shi a Legas, dattawan Bauchi sun san shi da Malam Abubakar na Midil, malamin makaranta mai kawaici wanda ya shafe kimanin shekara 12 yana fama da alli da allo.

An haife shi a shekarar 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke Jihar Bauchi ta yanzu. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala yana hidima ne a gidan Hakimin Lere, don haka ba ɗan sarauta ba ne. Bayan karatun allo da na elemantare, ya yi makarantar lardi a Bauchi, sannan a 1928 ya tafi Kwalejin Katsina, inda ya tarar da Ahmadu Bello a wani aji da ke gabansa. A 1933 ya kammala, ya dawo gida aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi.

Yadda rayuwar Midil take

A wancan zamani Midil ita ce makaranta mafi girma a yawancin lardunan Arewa. Ta kwana ce, kuma En’e ce ke ɗaukar nauyinta. Ana zaɓo yaran da suka yi fice a elemantare daga gundumomi a tara su wuri ɗaya. A nan suke shiga Ingilishi gadan-gadan, tare da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da Larabci da addini, ga kuma aikin hannu da na gona da wasanni. Daga cikinsu ake samun malaman ofis da na asibiti da na gona, ƙalilan ne ke wucewa kwaleji.

Saboda haka aikin malamin Midil ba ya ƙarewa da an tashi daga aji. Shi ne uba ga yaran da suka baro iyayensu a ƙauyuka masu nisa. Ya duba abincinsu da makwancinsu, ya tabbatar sun yi sallah, ya raba faɗa, ya kai mara lafiya asibiti. Ga iyaye da dama ba su yarda da boko ba, suna ganin hanya ce ta raba yaro da addininsa. Malamin da ya yi sakaci da tarbiyya, ya ba masu wannan zargi hujja ke nan.

Yana farkon wannan aiki ne ya rubuta littafinsa Shaihu Umar, don shiga gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Tauraron littafin ma malami ne, wanda ya zauna yana ba almajiransa labarin yadda bauta ta raba shi da mahaifiyarsa.

Hedimasta tsakanin wuta biyu

A 1941 ya zama hedimastan makarantar. Kujera ce mai wuyar zama: a sama akwai Baturen makaranta da fadar Sarki, a ƙasa akwai malamai matasa da idonsu ya buɗe. A 1942 aka kawo masa wani sabon malami ɗan shekara 22 mai suna Aminu Kano, wanda ya riƙa shirya wa ɗalibai wasan kwaikwayo yana zungurar masu mulki a ciki. A garin kuma ga Malam Sa’adu Zungur, wanda ba ya ɓoye ra’ayinsa a kan mulkin mallaka da na En’e.

Su ukun sun haɗu a dandalin muhawara da aka kafa a Bauchi a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, inda ma’aikata da malamai ke tattauna al’amuran ƙasa a gaban Turawa. Dandalin bai yi tsawon rai ba, domin da muhawara ta kai ga tambayar yadda ake yanke albashin sarki, sai hukuma ta kawo ƙarshensa.

A nan ne halin Malam Abubakar ya fito fili. Ya yarda cewa tsarin En’e na buƙatar gyara, amma yana ganin daga ciki za a gyara shi, sannu a hankali. Malam Aminu kuwa yana ganin jiran ya yi yawa. Wannan saɓani da ya fara a harabar Midil shi ne ya bi su har fagen siyasa, ɗaya ya zama jigo a NPC, ɗaya ya jagoranci NEPU.

Daga aji zuwa majalisa

A 1945 ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami’ar Landan, ya yi shekara ɗaya. Da ya dawo aka ba shi aikin duba makarantun En’e ta Bauchi, sannan ya shiga Majalisar Arewa, a 1947 kuma ya tafi Majalisar Dokoki ta Legas.

A 1950 mutumin da ake yi wa kallon mai sanyi ya miƙe a majalisa a Kaduna ya gabatar da ƙudurin a binciki tsarin En’e a yi masa garambawul, abin da bai yi wa sarakuna da yawa daɗi ba. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya na Sufuri, sai Firaminista a 1957. Shi ya karɓi ’yancin Najeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960. Ingilishin da ya koyar a Midil, da nutsuwar da yake magana da ita, su suka ja masa laƙabin mai muryar zinare.

Masu sukarsa na cewa haƙurin da ya riƙe makaranta da shi bai ishi riƙon ƙasa ba, musamman a rikicin Jihar Yamma na 1965. Masoyansa kuwa na nuna cewa ya yi minista da Firaminista shekara 14 bai tara abin duniya ba.

Sojoji sun ɗauke shi daga gidansa a Legas a juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, bayan ’yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen birnin. An kai shi Bauchi aka binne, a garin da ya fara riƙe alli. Jami’ar tarayya da ke can tana ɗauke da sunansa. Allah Ya jiƙansa da rahama.