Audu Baƙo, Ɗan Sandan Da Ya Tare Wa Kano Ruwa

Duk ɗalibin da ya taɓa hawa adaidaita daga Gyaɗi-Gyaɗi ya bi ta Zoo Road ya wuce ta ƙofar gidan namun dajin da ke ɗauke da sunan mutumin nan. Haka sakatariyar gwamnatin jiha, haka kwalejin koyon aikin gona ta Ɗambatta. Sunan ya yi yawa a bakinmu har mun daina tambayar wane ne mai shi.

An haifi Audu Baƙo a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa yake aiki. Ya yi karatu a Kaduna da Midil ta Zariya, ya shiga aikin ɗan sanda a 1942, ya koyar a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, ya yi ta hawa har ya kai manyan muƙamai. Da Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar nan jihohi 12 a watan Mayun 1967, sai aka ba shi Kano. Kano ta lokacin fa har da Jigawa ta yau, wadda ba a cire ta ba sai 1991. Jiha sabuwa fil, ga Yaƙin Basasa ya ɓarke bayan 'yan makonni.

Ba injiniya ba ne, wannan kowa ya sani. Amma ya gane wani abu da manomi ya daɗe da sani: ruwan Kano na zuwa ne a taƙaitaccen lokaci, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta, sannan ya kwarare ya tafi, a bar mutane da rani mai tsawo. Sai ya sa gwamnatinsa ta duƙufa kan tare shi. Aka gina dam ɗin Bagauda, sannan aka shiga na Tiga a kan Kogin Kano, wanda aka fara a 1971 aka gama a 1974, mai iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Daga nan ake sakin ruwan da ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, kuma wani ɓangare na ruwan famfon birni daga kogin yake fitowa. Aikin ya zo daidai da babban farin da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, shi ya sa dattawa har gobe ba sa gajiya da yi masa addu'a. Tumatir da shinkafar da ake lodi a Kura da Garun Malam da Bunkure, asalinsu ke nan. Cikin wannan yunƙuri ne hukumar WRECA ta samu gindin zama, injiniyoyin gida suka koyi gina dam da hannunsu.

To amma ruwa ba ya karɓar umarni, ko daga gwamna ne. Abin da aka tare a Tiga an rage shi ne daga ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru duk shekara, masunta da manoman can suka ji a jikinsu. Sannan a Agustan 1988, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, dam ɗin Bagauda ya ɓalle, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Mai aikin bai ga wannan rana ba. An sauke shi tun Yulin 1975, lokacin da Janar Murtala ya karɓi mulki ya sallami gwamnonin Gowon gaba ɗaya. Binciken da ya biyo baya ya wanke biyu ne kacal cikin 12, na Legas da na Jihar Yamma, kuma Audu Baƙo ba ya cikin biyun. Masu yabonsa ba su cika son a ambaci wannan ba, amma ai tarihi ne. Ya koma noma, ya rasu a 1980.

A ganina, rabin da zamaninsa bai gama ba shi ne na cikin gari. Tare ruwa a daji aiki ne da ake gani, ana yanka kyalle ana ɗaukar hoto. Fitar da ruwan sama daga unguwa kuwa ba wanda ke tafa wa mai yin sa, sai ranar da ya gaza. A shekarunsa Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna bakin gari ne, akwai filaye da gonaki da ke shanye ruwa, cikin birni kuma kududdufai na karɓar rara. Yau filayen sun zama gidaje da shaguna, an cike kududdufai da yawa an yi gini a kai, tsakar gida duk siminti. Ku yi lissafin da kanku, 'yan'uwa: ruwan milimita 50 idan ya sauka a kan hekta ɗaya, kubik mita 500 ne, wato jarka 20,000 mai cin lita 25. Idan ƙasa ba ta sha ba, ina za shi? Lambatu, in akwai. In leda ta toshe shi, to falon wani.

Wannan shi ne aikin injiniyan magudanan ruwa na ƙaramar hukuma ko na hukumar tsara birane irin su KNUPDA. Yakan fara da safiyo don ya san tudu da gangare, ya shata yankin da ruwansa ke taruwa wuri ɗaya, ya duba bayanan ruwan sama na shekaru, ya ƙiyasta kason da zai kwarara maimakon ya nutse. Da wannan yake fitar da faɗi da zurfin lambatu da girman kwalbati. Gangaren ma sai an auna: in ya yi kaɗan yashi ya kwanta ya cike hanya, in ya yi yawa ruwa ya ci kankare. Sai ya tabbatar ruwan yana da mafita, don lambatun da ya ƙare a bayan katangar wani bala'i kawai ya sauya wa adireshi. Shi ne kuma zai tsaya kan ɗan kwangila ya ga rodi da siminti sun cika, shi ne zai ce a'a idan aka kawo takardar gini a kan hanyar ruwa, ko da mai takardar babban mutum ne. Nan ne aikin ya fi wuya, kuma babu shi a manhaja.

Batun takardu kuwa, an kafa hukumar COREN a 1970, Audu Baƙo na kan kujera, kuma ita ke yi wa masu aikin injiniya rajista mataki-mataki. Mai digiri yana da nasa rukuni, mai HND yana shiga rukunin masana fasahar aiki, mai ND na masu taimaka musu. Rajistar sai da shaidar gogewa a fili ƙarƙashin wanda ya riga ka. Saboda haka 'yan sashen injiniyan gine-gine da hanyoyi, kwas ɗin ilimin tafiyar ruwa da kuke gudu saboda lissafi, da safiyon da ake shan rana, su ne ainihin jarin. Wanda zai tafi SIWES bana ya gwada neman sashen ayyuka na ƙaramar hukumar Tarauni ko ma'aikatar ayyuka ta jiha, kuma in ruwa ya sauka a Agusta ya fita da takalmin roba ya bi lambatun Court Road ya ga inda yake zuba.